Tsakar gida a ofishin gwamnati: Abin da masu zanen gini za su koya daga Kumasi da Zangonta

Duk wanda ya taɓa neman katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa ko fasfo ya san cewa lokacin da ake ɓatawa a wurin jira ya ninka wanda ake yi a gaban ma'aikaci. Minti biyar ya isa a ɗauki hoto a buga hatimi, amma kafin a kai ga wannan minti biyar ɗin mutum kan yi rabin yini a layi. Saboda haka wurin da ya fi kowane muhimmanci ga talaka a ginin gwamnati shi ne filin da yake tsayawa a ciki, da inuwar da yake samu, da abin da idonsa ke gani a bango.

A manyan gine-ginen zamani wannan fili yana da suna, wato atiriyom. Batun ya shafi Ghana kai tsaye, domin tun da aka ƙirƙiro sabbin yankuna 6 a tsakanin 2018 da 2019, adadinsu ya kai 16, ake ta gina ofisoshin mulki, ga kuma majalisun ƙananan hukumomi 261 da kowace ke buƙatar mazauni. Ginin da aka yi yau zai iya kai shekara 50 yana aiki. Idan aka yi kuskure a zanensa, jama'a ne za su yi ta biya da gumi da kuɗin lantarki har tsawon wannan lokaci. Birnin Kumasi, da unguwannin Zango da ke cikinsa, na da tsohuwar amsa ga wannan matsala, wadda ta dace a duba kafin a kwaikwayi abin da ake gani a Dubai ko Turai.

Mene ne atiriyom?

Kalmar ta fito ne daga harshen Latin. A gidajen Rumawa na dā, da zarar an shiga ƙofa sai a tarar da babban ɗaki mai buɗaɗɗen rufi a tsakiya. Ruwan sama kan sauko ta wannan kafa ya taru a wani kwarmi da aka gina a ƙasa, haske da iska su ma ta nan suke shiga. A nan maigida yake karɓar baƙi da masu neman alfarma da safe.

Atiriyom na zamani shi ne wannan fili idan aka tsawaita shi sama, ya ratsa hawa da yawa, aka kuma rufe shi da gilashi. Ofisoshi sukan kewaye shi, kowane hawa da barandarsa mai kallon tsakiya. Salon ya yi tashe ne daga shekarar 1967, lokacin da aka buɗe otal ɗin Hyatt Regency a birnin Atlanta na Amurka, wanda John Portman ya zana, da kuma ginin gidauniyar Ford a New York mai lambu a cikinsa.

Amfaninsa a ofishin gwamnati a bayyane yake. Haske yana kaiwa ɗakunan da ke can ciki, don haka ana rage kunna fitila da rana. Baƙo yana iya tsayawa wuri ɗaya ya hango dukkan hawa da matakala, ba sai ya yi ta tambaya ba. Akwai kuma saƙon siyasa: gini mai buɗaɗɗen ciki yana nuna cewa hukuma ba ta ɓoye abin da take yi. Sai dai duk waɗannan alfanu sun dogara ne da yanayin garin da aka yi ginin.

Kumasi ta san tsakar gida tun kafin gilashi

Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, sun daɗe suna gina gida ta hanyar jera ɗakuna huɗu su fuskanci juna, a bar fili a tsakiya. Baturen Ingila Thomas Bowdich, wanda ya ziyarci Kumasi a 1817, ya zana irin waɗannan gidaje masu ado a bango a littafin da ya wallafa bayan komawarsa. Mafi yawansu sun salwanta, musamman bayan da sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka ƙona birnin a 1874. Kaɗan ne suka rage a ƙauyukan da ke kewaye, kamar na Besease kusa da Ejisu, kuma hukumar UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihi na duniya a 1980.

Wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu zai ga cewa uku daga cikin ɗakunan a buɗe suke ta ɓangaren tsakar gida: ɗaya na makaɗa, ɗaya na mawaƙa, ɗaya na masu dafa abinci. Na huɗun ne kawai ake rufewa. Rufin ciyawa ne mai gangara sosai don ruwa ya zube da sauri. Ƙasan bangon ja ne, samansa fari, an kuma yi masa zane mai tudu da laka, kowane zane da karin maganar da yake ɗauke da ita. Ado da gini tare aka yi su, da hannun magini ɗaya.

Hausawa da sauran mutanen arewa da fataucin goro ya kawo, musamman bayan 1900 lokacin da Zangon Kumasi ya bunƙasa, sun zo da nasu tsarin. Gidan Bahaushe yana farawa da zaure, inda maigida ke ganawa da baƙi, malam ke koyar da almajirai, mai unguwa ke sauraron ƙara. Daga nan sai shigifa, sannan tsakar gida. Hikimar zaure ita ce baƙo yana samun inuwa da wurin zama ba tare da ya shiga sirrin gida ba. Fadar Sarkin Kano da ta Sarkin Damagaram duk a kan wannan tsari suke: soraye da filaye suna bin juna, kowa ya san inda zai tsaya.

A unguwanni irin su Aboabo, Asawase da Sabon Zango, tsarin biyu sun haɗu a gidajen haya masu ɗakuna da yawa kewaye da fili ɗaya. Bulo da kwano sun maye gurbin laka da ciyawa, cunkoso ya yi yawa, amma tsakar gida tana nan tana aikinta. A nan ake girki da wanki, a nan ake suna da zaman makoki, ta nan kuma iska ke shiga ɗakuna. Mutumin Zango ba ya buƙatar a fassara masa ma'anar atiriyom, a cikinsa ya girma. Bambancin kawai shi ne nasa ba a rufe shi da gilashi ba.

Darasin da aka koya a Chicago

Misalin da masu zanen gini suka fi kawowa game da haɗarin rufe fili da gilashi yana birnin Chicago na Amurka. A 1985 gwamnatin jihar Illinois ta buɗe wani katafaren ginin ofisoshi mai hawa 17, wanda daga baya aka sa wa sunan gwamna James R. Thompson. Helmut Jahn, haifaffen Jamus, shi ya zana shi. Tsakiyarsa buɗe take daga ƙasa har sama, ana ganin na'urorin hawa bene suna kai da komo, ga shaguna da tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashi. An so ne ginin ya zama alamar gwamnati mai buɗaɗɗiyar ƙofa.

Jama'a da dama sun so filin, ya zama wurin taro da zanga-zanga da cin abinci. Ma'aikatan da ke ciki kuwa sun sha wuya. Don rage kuɗi an yi amfani da gilashi mai falle ɗaya maimakon mai falle biyu da ke tare zafi, sai ofisoshi suka riƙa ɗaukar zafi da bazara, su yi sanyi da hunturu. Hayaniyar ƙasa tana hawa har ofisoshin sama tunda babu bango tsakaninsu da filin. Kuɗin gyara ya yi ta taruwa har gwamnatin jihar ta gaji, ta sayar da ginin a 2022, kamfanin Google kuma ya sanar da cewa zai mayar da shi ofishinsa bayan an sabunta shi.

Idan jihar da ke cikin ƙasa mafi arziki a duniya, a garin da zafinsa na ƴan watanni ne, ta kasa ɗaukar nauyin irin wannan gini, to ƙaramar hukuma a yankin Ashanti ko Maraɗi ta fi kowa buƙatar yin lissafi tun kafin a haƙa tushe.

Yadda zafi da iska ke aiki

Gilashi yana barin hasken rana ya shiga. Hasken ya faɗa kan daɓe da bango ya koma zafi, zafin kuma ba ya samun hanyar fita cikin sauƙi. Abin da ke faruwa ke nan a motar da aka ajiye a rana aka rufe tagoginta. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana tana tsayawa ne a saman kai, don haka rufin gilashi shi ne wuri mafi muni da za a buɗe mata.

Iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take yi. Wannan ɗabi'a tana iya zama alheri. Idan aka bar kafofi a can ƙololuwar filin, aka kuma buɗe wasu a ƙasa ta ɓangaren inuwa, iskar zafi za ta fice ta sama ta jawo mai sanyi ta ƙasa, kamar yadda bututun gidan burodi ke jan hayaƙi. Idan aka toshe saman, zafin zai taru a hawa na ƙarshe, sai a koma dogaro da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana.

Dogaro da na'ura kuwa yana da tsada a ƙasar da ba ta manta da matsalar ɗauke wuta da ake kira dumsor ba, wadda ta yi tsanani tsakanin 2012 da 2016. Ko sabuwar kasuwar Kejetia, mai shaguna sama da 8,000, ta ɗanɗana wannan a 2022 lokacin da kamfanin lantarki na ECG ya yanke mata wuta saboda bashi. Ginin da ba a iya zama a cikinsa sai da wuta, ranar da aka ɗauke ta aiki ya tsaya.

Akwai kuma bambanci tsakanin kurmi da sahel. Kumasi tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Yamai ke samu, kuma iskarta na da laima. A irin wannan wuri abin da jiki ke buƙata shi ne iska mai ratsawa, da rufi mai faɗin baki da zai kare bango daga ruwa da rana. A Damagaram ko Agadas, inda rana ke ƙuna dare kuma ya yi sanyi, bango mai kauri da ƙananan tagogi ne ke aiki, domin yana riƙe sanyin dare ya sake shi da rana. Zane ɗaya ba zai dace da wuraren biyu ba. Abin da ya haɗa su shi ne ƙurar hunturu, wadda ke rufe gilashi cikin kwanaki, kuma wanke rufin da ke hawa na 6 ko na 7 aiki ne mai buƙatar kayan hawa da kasafin kuɗi na kowace shekara.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga yadda ake yi. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, wato KNUST, cike take da gine-ginen shekarun 1950 da 1960 da aka zana don su sha iska da kansu. An juya dogayen bangayensu zuwa kudu da arewa don kauce wa ranar safe da ta yamma, an sa musu baranda masu zurfi da bulo mai huda da faifan kankare masu tare rana. John Owusu Addo, ɗaya daga cikin ƴan Ghana na farko da suka ƙware a zanen gini, yana cikin waɗanda suka zana ɗakin kwanan ɗalibai na Unity Hall a can. Har yau ana amfani da waɗannan gine-gine.

A wannan zamani ma akwai masu bin wannan hanya. Francis Kéré ɗan Burkina Faso, wanda ya lashe kyautar Pritzker a 2022, ya zana sabuwar majalisar dokokin Benin a Porto-Novo da siffar babbar bishiyar da dattawa ke taruwa a ƙarƙashinta, da fili a tsakiya mai shigo da haske da iska. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018.

Gobara da masu buƙata ta musamman

Ɗabi'ar da ke fitar da zafi ita ce kuma ke yaɗa hayaƙi. Idan wuta ta tashi a hawa na farko, buɗaɗɗen fili zai kai hayaƙin kowane hawa cikin mintoci, hayaƙi kuwa ya fi harshen wuta kisa. Don haka ƙa'idojin gini ke neman a sa kafofin fitar da hayaƙi a sama, da bututun yayyafa ruwa, da matakalar tsira da aka keɓe da bango da ƙofa, wadda ba ta bi ta cikin filin ba. Ghana ta ga illar gobara a ginin gwamnati a watan Oktoban 2009, lokacin da ma'aikatar harkokin waje da ke Accra ta ƙone da takardunta. A watan Maris na 2023 ma wani sashe na sabuwar kasuwar Kejetia ya kama da wuta. Ƙasar ta ƙaddamar da kundin ƙa'idojin gini a 2018, amma kayan kashe gobara ba sa aiki sai ana duba su a kai a kai.

Haka batun guragu, makafi da tsofaffi. Dokar masu buƙata ta musamman ta 2006 ta wajabta cewa wuraren jama'a su zama masu saukin shiga ga kowa, ta kuma ba tsofaffin gine-gine wa'adin shekara 10 su gyara. Fili mai kyan gani ba ya amfanar tsohuwar da aka ce ta hau hawa na uku alhali na'urar hawa ta lalace. Mafita mai sauƙi ita ce a ajiye ofisoshin da jama'a suka fi zuwa a ƙasa, kewaye da filin jira.

Wa ke biyan kuɗin ado?

Idan an samu filin, sai tambayar abin da za a sa a cikinsa. Wasu ƙasashe sun mayar da amsar doka. A Faransa, tun 1951 akwai tsarin da ake kira « 1 % artistique », wanda ya ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin gini don sayen aikin mai fasaha da ke raye. An fara da makarantu, daga baya aka faɗaɗa zuwa sauran gine-ginen gwamnati, kuma ayyukan da aka yi ta wannan hanya sun haura 12,000. A Amurka, hukumar da ke kula da gine-ginen tarayya tana ware rabin kashi 1. Jihar Illinois ma tana da irin wannan doka, kuma a ƙofar ginin nan na Chicago an kafa wani aikin Bafaranshe Jean Dubuffet mai tsayin kusan mita 9.

Hikimar tsarin ita ce kuɗin ado yana cikin kasafin ginin tun farko. Ba ya jiran ragowar kuɗi, ba ya kuma zama kyautar ɗan kwangila. Ana kafa kwamiti, a yi gasa, a rubuta wanda zai kula da aikin bayan an gama.

Ghana ta taɓa yin abin da ya yi kama da haka ba tare da doka ba. A zamanin Kwame Nkrumah, Kofi Antubam ya yi kujerar shugaban ƙasa da sandar majalisa, ya cika su da alamomin gargajiyar Akan, ya kuma ƙawata fuskar cibiyar al'umma ta Accra da babban zane. A Legas, Ben Enwonwu ya ƙera siffar Sango a gaban hedikwatar hukumar lantarki a 1964. A Addis Ababa, zauren Africa Hall da aka buɗe a 1961, inda aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963, yana da tagar gilashi mai launi ta Afewerk Tekle mai faɗin murabba'in mita 150. A Yamai, rumfunan gidan tarihi na ƙasa da aka kafa a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama, an yi musu ado irin na ginin Hausa.

Kumasi ba ta rasa masu hannu. Daga sashen fasaha na KNUST El Anatsui ya fito, haka ma Ibrahim Mahama ɗan Tamale, wanda ya yi suna da lulluɓe manyan gine-gine da tsofaffin buhunan koko da gawayi. Ga masu buga adinkra a Ntonso, masaƙan kente a Bonwire, masassaƙan Ahwiaa, maƙeran Suame Magazine, da masu zanen alluna irin su Kwame Akoto na shagon Almighty God. A cikin Zango kuma ga maɗinka masu aikin wuyan riga, dukawa, da malamai masu zayyanar allo.

Mutum-mutumi ko zayyana?

Abin da ya fi jawo rigima a adon gwamnati shi ne siffar mutum. An kafa mutum-mutumin Nkrumah a gaban majalisa a 1958, aka tumɓuke shi bayan juyin mulkin 1966. Na Mahatma Gandhi da aka kafa a Jami'ar Ghana a 2016 an cire shi a watan Disambar 2018 bayan ƙorafin malamai da ɗalibai. Na Nana Akufo-Addo da aka buɗe a Sekondi a watan Nuwambar 2024 bai cika wata uku ba aka farfasa shi. A Dakar, katafaren gunkin farfaɗowar Afirka da aka buɗe a 2010 ya sha suka daga limamai da kuma masu ganin an yi almubazzaranci.

Ga Musulmi akwai ƙarin dalili, tunda malamai da yawa suna ƙyamar sassaƙa siffar mai rai. Ofishin gwamnati na kowa ne, Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya, don haka adon da zai sa wani sashe ya sunkuyar da kai bai cika aikinsa ba. Abin sha'awa shi ne al'adun biyu da suka haɗu a Kumasi duk sun ƙware a adon da ba ya buƙatar fuskar kowa. Adinkra alamomi ne masu ɗauke da hikima. Adon Hausa kuwa, daga dagi da zankwaye har bakan gizo irin na masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, lissafi ne da layi da launi. Irin wannan ado ba ya faɗuwa idan gwamnati ta sauya.

Yana kuma iya yin aiki biyu a lokaci ɗaya. Bulo mai huda da aka tsara da siffar adinkra ko dagi yana tare rana, yana barin iska ta wuce, yana kuma ƙawata bango. Ƙofar ƙarfe da maƙerin Suame ya ƙera tsaro ce kuma ado ce. Kuɗin yana zama a gari, idan abu ya lalace kuma mai gyaransa yana kusa.

Me ya sa abin ya shafi mutanen Zango?

Musulmi ba baƙi ba ne a Kumasi. Bowdich ya tarar da su a fadar Asantehene Osei Bonsu suna rubuta wasiƙu da layu. Takardun Larabci daga Kumasi na farkon ƙarni na 19 suna ajiye a ɗakin karatu na masarautar Denmark a Copenhagen. Rigar yaƙin sarakunan Asante, batakari, cike take da layun da malamai suka rubuta. Duk da haka, dattawan Zango ba su manta da dokar korar baƙi ta watan Nuwambar 1969 a zamanin Kofi Busia ba, wadda ta raba iyalai da dama da gidajensu, kuma har yau ƙorafin yi wa masu sunayen arewa tambayoyin asali wajen neman takardu yana fitowa a kafafen labarai.

Ga wanda ke ɗauke da irin wannan tarihi, bangon ofishin gwamnati yana magana. Afirka ta Kudu ta fahimci haka lokacin da ta gina kotun tsarin mulki a Johannesburg, wadda aka buɗe a 2004 a harabar tsohon kurkuku. An yi amfani da bulon kurkukun wajen ginin, an rubuta sunan kotun da harsunan hukuma 11 na lokacin, an tsara zauren shiga da ginshiƙai masu karkata kamar bishiyoyi don tuna shari'ar da ake yi a gindin itace. Alƙalai Albie Sachs da Yvonne Mokgoro ne suka fara tara ayyukan fasahar da ke ciki da ɗan ƙaramin kasafi.

Ƙaramar hukumar Asokore Mampong, wadda aka kafa a 2012 kuma ta ƙunshi Aboabo da Asawase, da asusun raya unguwannin Zango da aka kafa da doka a 2017, suna da damar yin irin wannan a ƙaramin mataki. Allon kwatance da aka rubuta da Twi da Hausa tare da Ingilishi, da alamomi don wanda bai yi boko ba, yana rage wa mutum wahala, yana kuma shaida masa cewa an san da zamansa. Haka zanen da ke nuna hanyar goro daga Kano da Sakkwato ta Salaga zuwa Kumasi, wanda tarihi ne na Asante da Hausawa baki ɗaya.

Tambayoyin da ya kamata a yi kafin a fara gini

Wakilan unguwanni a majalisar ƙaramar hukuma, sarakunan Zango da ƙungiyoyin matasa suna da ikon neman a nuna musu zanen gini kafin a ba da kwangila. Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya yi waɗannan tambayoyi:

Idan aka ɗauke wuta da tsakar rana, za a iya ci gaba da zama a cikin ginin? Ta ina iskar zafi za ta fita, ta ina mai sanyi za ta shigo?

Mutum nawa ake sa ran za su jira a rana, kuma kujeru nawa aka tanada a inuwa? Akwai ruwan sha, makewayi, wurin alwala da sallah, da inda mai jego za ta zauna?

Mai keken guragu zai iya kaiwa kowane teburin da jama'a ke buƙata ba tare da an ɗauke shi ba?

Ina ruwan saman da ya sauka a tsakiyar ginin zai tafi? Za a tara shi a tanki, ko zai ƙara wa magudanun unguwa nauyi?

Ina matakalar tsira, kuma wa zai riƙa duba kayan kashe gobara?

Nawa aka ware don ado, wa zai zaɓi mai yin sa, kuma nawa ne kuɗin share gilashi da gyaran na'urori a kowace shekara?

Amsoshin waɗannan tambayoyi suna cikin takardun zane da na kasafi tun kafin a sauke tifar yashi ta farko. A wannan mataki sauya wurin taga ko ɗaga rufi aikin fensir ne, bayan an zuba kankare kuwa sai da guduma da sabon kasafi.